Yadda Za Ka Zaga da Baƙonka Tsohuwar Fadar Mulkin Najeriya a Tsibirin Ikko

Wata shekara kawuna ya zo Legas daga Gumel ganin likita, ya sauka wurina a Agege. Da jiki ya yi sauƙi, ana saura kwana biyu ya koma, muna zaune bayan sallar Asuba sai ya ce, "Kai ɗan nan, shekararka nawa a garin nan?" Na ce, "Sha ɗaya, Kawu." Ya ce, "To ka kai ni in ga motar Murtala, in kuma ga inda aka sauke tutar Turawa. Tun ina saurayi nake jin labarinsu." Na sunkuyar da kai, don ni kaina ban taɓa ganinsu ba. Na san Idumota saboda sari, na san Apapa saboda kaya, iyakar sanina ke nan.

Kunya ta hana ni faɗa masa. Muka yi karin kumallo a tsanake, muka fita wajen ƙarfe 10, ranar kuwa Juma'a ce. Tun daga Oshodi gosulo ya riƙe mu. Sallar Juma'a a bakin titi muka same ta, kuma kafin mu isa Onikan an rufe ƙofar gidan tarihi. Kawu bai ce komai ba sai "Allah bai nufa ba." Da ya dawo shekarar da ta biyo baya na riga na je sau biyu ni kaɗai, na auna hanya da ƙafata, na san inda ake batar da lokaci. Abin da na koya shi zan shimfiɗa a nan, don kusan duk mazaunin Agege, Mile 12, Idi-Araba ko Alaba Rago wata rana baƙo zai zo masa daga gida da irin wannan buƙata.

Ka fara sanin girman wurin

Legas ce babban birnin Najeriya tun daga haɗewar Kudu da Arewa a 1914 har zuwa 12 ga Disamba 1991, ranar da Janar Babangida ya tare a Abuja. Amma ba duk wannan makeken garin da muke ciki aka yi mulki daga cikinsa ba. Fadar mulkin tana kan ɗan tsibirin da Yarbawa ke kira Eko, mu kuma tun kakanni muke cewa Ikko, 'yan tasha kuwa su ce Ailan, sai Ikoyi da ke manne da shi ta gabas. Daga gidan tarihi na Onikan zuwa fadar Oba, sarkin Legas, a Isale Eko bai wuce kilomita 3 zuwa 4 ba, kuma kusan duk abin da ya cancanci gani yana jere a kan wannan layi. Mai ƙarfin ƙafa zai taka shi duka.

Saboda haka wahalar tafiyar ba a cikin tsibirin take ba, a bakin gada take. Gadoji uku ke shiga: gadar Carter, wadda aka fara ginawa a 1901, tana tashi daga Iddo ta sauka Idumota; gadar Eko ta sauka Apongbon; sai Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe gaba ɗayanta a 1990, ta sauka Adeniji Adele. Duk shirin da za ka yi ya tsaya a kan abu ɗaya: ka ƙetare sau ɗaya da sassafe, ka rabu da mota, ka fara daga gabas ka gangara yamma, ka sa sallar Azahar ta same ka a Babban Masallaci.

Zaɓen rana

Asabar ta fi. Ofisoshin Marina da Broad Street a rufe suke, titunan da a ranar aiki ba ka samun wurin sa ƙafa sai ka gan su fayau, ka tsaya ka kalli gini ba wanda zai bangaje ka. Litinin kada ma ka fara. Juma'a tana da jan hankali saboda mutum yana son ya yi sallah a Babban Masallaci, amma ta riga ta cinye mini yini ɗaya, kuma idan aka taso daga masallaci titin Nnamdi Azikiwe ba ya shiguwa da tsoho ko ƙaramin yaro. Lahadi gari shiru, ta dace da mai son kallon gine-gine kawai, sai dai kasuwa ba ta ci sosai kuma ba kowace ƙofa za ka tarar a buɗe ba. In dole sai ranar aiki, ka tuna kasuwannin Legas suna shara safiyar Alhamis, ba a buɗe shaguna sai ƙarfe 10.

Sai lokacin shekara. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ake yi, ya fi tsanani a Yuni, kuma tsibirin a kwance yake kusan daidai da teku, ruwan awa ɗaya ya isa ya mai da lungunan Idumota kwata. A Agusta yakan ɗan tsagaita, ya dawo a Satumba da Oktoba. Nuwamba da Janairu da Fabrairu su ne zaɓina. Disamba babu ruwa, amma daga tsakiyar wata kasuwar Balogun takan cika har ta tumbatsa saboda sayayyar Kirsimeti. Watan azumi kuwa ban ba ka shawara ba: zafin Legas ba irin na gida ba ne mai bushewa, gumi ne ke tsiyaya ko kana inuwa.

Abu ɗaya da za ka tambaya tun kafin ka sa rana: ko akwai bikin Eyo, bikin dodannin gargajiya na mutanen Ikko. Ba kowace shekara ake yin sa ba, amma ranar da ake yi ana rufe manyan titunan tsibirin, kuma al'adarsu ba a tunkarar masu Eyo da takalmi a ƙafa ko hula a ka. Dattijon da bai taɓa fita ba hula ba, ba ranar da za ka kai shi ba ke nan. Haka in an kama dandalin Tafawa Balewa, TBS, don wani babban taro.

Hanyar da za ka bi

Mutumin Agege yanzu yana da abin da ba ni da shi lokacin zuwan Kawu na farko: jirgin ƙasa na jan layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024. Yana tasowa daga Agbado, ya tsaya Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, ya ƙare a Oyingbo. Daga Oyingbo ɗan taƙi ne a mota ka hau gadar Carter. Jirgin yana da sa'o'insa, ba kamar danfo ba ne da ke jiran cika, don haka ka leƙa tasha kwana ɗaya kafin tafiya ka ga jadawalin ranar da ka zaɓa da idonka. In bai yi daidai da lokacinka ba, ka kama Oshodi, daga babbar tashar can akwai motocin Obalende da na CMS, tashar da ke Marina.

Na Mile 12 da Ketu su suka fi kowa sa'a: babbar bas ɗin BRT tun 2008 take bin wannan layin, tana da nata titin, ta ajiye ka a TBS, wato a tsakiyar abin da ka zo gani. Na Alaba Rago da Ojo su nemi Mile 2 su hau jirgin shuɗin layi, wanda ya fara aiki a Satumban 2023, kilomita 13 zuwa Marina. Wannan shi kansa yawon buɗe ido ne, don a sama yake tafiya, ya bi ta gefen babban gidan wasan ƙasa na Iganmu, ya ratsa kan ruwa. Na Idi-Araba su bi Ojuelegba su hau gadar Eko. Na Apapa akwai jirgin ruwa zuwa CMS, amma ka tambayi baƙonka tukuna. Mutumin da bai taɓa hawa kwale-kwale ba, kada ka fara masa da safiyar da kake son ya ji daɗi. In kun hau, rigar kariya daga nutsewa dole.

Jiragen ƙasan nan da BRT duk da katin Cowry ake biya. Ka saya ka zuba kuɗi tun jajibiri, na zuwa da na dawowa, kowa da nasa in da hali, don layin zuba kuɗi da safe yana iya cinye maka jirgi guda. In danfo za ku hau, ka tanadi canji, ka tambayi kuɗin mota kafin ku zauna, in an zo inda za ku sauka ka ɗaga murya ka ce "O wa!" Kada ka sa ran acaɓa zai fid da kai a can: tun 1 ga Yuni 2022 gwamnatin jiha ta hana shi a Tsibirin Legas da Eti-Osa, kuma dokar ta haɗa da fasinja.

Motar kanka fa? In da tsoho ƙwarai ko mai ciwon ƙafa, to. Ka ajiye ta a harabar gidan tarihi ko wuraren ajiye motoci na Marina, ka karɓi tikiti. Titunan tsibirin da yawa hanya ɗaya ce, alamar ba kullum take fitowa fili ba, kuma shiga layin BRT ko saɓa hanya laifi ne da jami'an LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jiha, ba sa ɗauka da wasa. Ni dai na fi son in bar ta a gida.

Ko ta ina za ka bi, ka fita da an sallame Asuba. Ka kasance a Onikan kafin ƙarfe 9.

Abin da za ka riƙa

Takalmi mai rufi wanda ƙafa ta saba da shi, ba sabo ba, ba silifas ba. Babbar riga ta zauna a gida. Kaftani mara nauyi ya isa. Ruwan sha, lema, ɗan dabino ko goro saboda dattijo, magani in yana sha, katin shaida na kowa. Kuɗi ka raba gida biyu: ƙananan takardu a aljihun gaba don mota da ruwa da sadaka, sauran a ciki inda hannu ba ya kaiwa. Kada ka dogara da tura kuɗi ta waya kawai, don a kasuwa in sabis ya ɗauke sai ka tsaya kamar wanda aka dasa. Lissafin kuɗin kuwa ka yi shi a kan kai: mota zuwa da dawowa, kuɗin shiga wuri biyu ko uku, abinci sau biyu, sannan ka ɗora rabin jimlar a sama, saboda baƙo ba ya ratsa Balogun ya fito hannu rabbana.

Ka rubuta lambar wayarka a takarda ka sa a aljihun baƙo da na kowane yaro. Ku kuma yi alkawarin wurin haɗuwa in an rabu. Ƙofar Babban Masallaci ta fi ko'ina, hasumiyoyinsa huɗu ana hango su daga nesa.

Zango na farko: Onikan

Da gidan tarihi na ƙasa za ka fara, saboda shi ne mai ƙofa da agogo, yana rufewa tun wajen La'asar. Sauran wuraren suna nan ko yaushe. An buɗe shi a 1957, aikin wani Bature ne mai suna Kenneth Murray. A ciki akwai kayan tagulla na Benin, da na Ife, da kawunan yumɓu na Nok, waɗanda aka tono a kudancin jihar Kaduna da kewayenta, shekarunsu sun haura 2,000. Ka gaya wa dattijonka tun a hanya cewa zai ga sassaƙe-sassaƙe da dodanni, don kada ya shiga ya ji an kawo shi gidan gumaka. Ka ce masa kayan mutanen da ne aka adana. Ba a ɗaukar hoto a ɗakunan sai da izini. Ka tambaya a ƙofa, ka kuma nemi ma'aikacin da zai zaga da ku, bayaninsa ya fi ƙaramin rubutun da ke jikin gilashi.

Motar tana wani ɗaki dabam, inda aka jera hotunan shugabannin ƙasa. Baƙar Marsandi ce, ramukan harsashi na nan a jikinta. A cikinta aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammed safiyar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, a Ikoyi, yana kan hanyar zuwa ofis a barikin Dodan, cunkoson motoci ya tsayar da shi, ba jiniya ba rakiyar sojoji. Dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa, shi ma a nan ya rasu. Laftanar Kanar Dimka ne ya jagoranci yunƙurin juyin mulkin. Murtala yana da shekara 37, bai cika wata bakwai a kan mulki ba, kuma kwana goma kafin nan, ranar 3 ga Fabrairu, ya sanar da cewa za a mai da babban birni tsakiyar ƙasa. Wato mutumin da ya yanke hukuncin a bar Legas saboda ƙuncinta, ƙuncin nan ne ya tsayar da motarsa. Kawu ya daɗe tsaye a gaban motar, ya zaro takardar naira 20 daga aljihu ya dubi hoton, ya mayar, ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a. Kada ka gaggauta baƙonka a ɗakin nan. Awa ɗaya da rabi ka ware wa gidan duka. Banɗaki ma a nan za ku shiga, musamman in da mata, don daga nan sai masallaci.

A tsallaken titi akwai cibiyar J. Randle ta al'adun Yarbawa, sabuwa ce kuma an ƙawata ta. In kana da yara 'yan makaranta, su sun fi jin daɗinta. In da dattijo kake, ka wuce, rana na yi.

Zango na biyu: filin sukuwa

Minti kaɗan a ƙafa sai ga dandalin Tafawa Balewa, TBS. Da filin sukuwar Turawa ne. A nan, da tsakar daren da ya wayi gari 1 ga Oktoba 1960, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore-fari-kore, kuma a nan Sir Abubakar Tafawa Balewa ya karɓi takardun 'yancin kai daga hannun Gimbiya Alexandra, wakiliyar Sarauniya. Ginin da kake gani yanzu na 1972 ne, zamanin Gowon. A kan ƙofar akwai siffofin fararen dawakai huɗu da jajayen gaggafa bakwai. Nan ne wurin hoto. A gefe ga tsohuwar majalisar ƙasa, ga dogon benen Independence House, ga makarantar King's College ta 1909, ga wurin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙe-yaƙe.

In faɗa maka gaskiya, wurin bai samu kulawar da ta dace da shi ba. Tashar mota ce ta kewaye shi, da shaguna, da masu sayar da tikitin jirgin sama. In ka yi shiru, baƙonka siminti kawai zai gani. Kai za ka cika masa filin da baki: ka nuna masa inda jama'a suka tsaya, ka tuna masa cewa mutumin da aka sa wa filin sunansa malamin makaranta ne daga Bauchi, kuma daga gidansa na nan Legas sojoji suka ɗauke shi daren 15 ga Janairu 1966, aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abeokuta, aka kai shi Bauchi aka binne. Rabin awa ya isa.

A nan nakan ɗan saki hanya in yi wani zance. Yawancinmu muna zaune a garin nan kamar masu jiran mota, a ce mana "aboki" mu amsa, mu ɗauka ba mu da komai a cikinsa sai abin da muka tura gida. Alhali rundunar sojan Najeriya da kanta tana ƙirga haihuwarta daga 1863, shekarar da Kyaftin John Glover ya tara wasu 'yan tsirarun Hausawa a nan Legas ya ba su bindiga, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, mahaifin Shehu da Umaru, shi ne ministan harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko. In ka bi Ikoyi da Victoria Island za ka karanta Ribadu Road, Maitama Sule, Musa Yar'Adua, Ahmadu Bello Way a jikin allunan titi.

Zango na uku: Broad Street zuwa Tinubu

Daga TBS ka kama Broad Street ka miƙe yamma. Ba nisa za ka ga doguwar katangar Freedom Park. Kurkukun Turawa ne a da, inda aka tsare irin su Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo. An rushe shi, daga baya aka mai da shi lambu, aka buɗe a 2010 lokacin cikar Najeriya shekara 50. An bar katangar, an kuma fitar da girman ɗakunan fursuna yadda mutum zai shiga ya ji ƙuncinsu. Akwai inuwa da wurin zama, nan za ku huta ku sha ruwa. Da hantsi za ka kai iyali. Da dare wurin kiɗa ne da shaye-shaye.

In ƙafa na da sauran ƙarfi, ka ratsa dama zuwa Campos da titin Kakawa, unguwar Aguda, wato bayin da suka dawo daga Birazil a ƙarni na 19 da sana'ar gini a hannunsu. Ka ɗaga kai ka dubi tagogi da adon bakin ƙofofi. Suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya: Ilojo Bar, wanda ke cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa, an wayi gari an rushe shi a 2016. In ka ratsa hagu kuma sai Marina, inda tsohuwar sakatariyar Turawa take, da babban cocin CMS, da benen NECOM mai hawa 32.

Broad Street za ta kai ka dandalin Tinubu, mai sunan Madam Efunroye Tinubu, attajirar ƙarni na 19 wadda ta juya siyasar fadar Legas har aka kore ta zuwa Abeokuta. Ƙaramin wuri ne, minti goma. Ka kula da inda kake nuna waya, akwai ginin Babban Banki a kusa, masu gadinsa ba sa son hoto.

Zango na huɗu: masallatai biyu

Daga Tinubu titin Nnamdi Azikiwe ya fara, daga nan kuma shiru ya ƙare. Jaka ta dawo gaba, waya ta shiga ciki, yaro a riƙe shi a hannu. Duk wanda ya tare ka da "Alhaji, me kake nema?" ɗan kamasho ne, ka ce "E se", wato na gode, kana tafiya. 'Yan sane a inda aka matsu suke aiki.

Babban Masallacin Legas yana kan wannan titin. An buɗe ginin yanzu ranar 28 ga Mayu 1988, a gurbin tsohon da aka gama a 1913. Akwai wurin alwala da sashen mata. Ka tuna rana tana makara a nan kimanin minti 20 a kan Kano, saboda Legas ta fi yamma, don haka baƙon da ya saba da agogon gida zai riƙa ganin kamar an yi jinkiri. Takalmi ka sa a leda ka shiga da shi, ko ka ba mai ajiya ka karɓi lamba.

Bayan sallah, kafin abinci, ka nemi titin Martins. Nan ne abin da na fi so a duk tafiyar, kuma shi ne wanda mutanenmu suka fi wucewa ba su sani ba: masallacin Shitta-Bey. Ƙarami ne, shaguna sun matse shi, amma dubi fuskarsa, ginin Aguda ne tsantsa. Muhammad Shitta, attajirin da aka haifa a Saliyo, iyayensa Yarbawa, shi ya gina shi da kuɗinsa, maginin kuwa João Baptista da Costa ne, daga cikin waɗanda suka dawo daga Birazil. Ranar buɗewa, 4 ga Yuli 1894, Gwamna Carter ya halarta, kuma wani lauya ɗan Ingila da ya musulunta, Abdullah Quilliam, ya zo da saƙon Sultan Abdulhamid na Biyu na Daular Usmaniyya, ta Turkiyya ba ta Sakkwato ba, wanda ya ba Shitta sarautar Bey. Shekara tara ke nan kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903. Da na gaya wa Kawu haka sai ya ce, "Ashe Santambul ta san da Musulmin Ikko tun muna da sarautarmu." Ka yi sallama, ka gaida dattawan da ke zaune da "E kaasan", ka nemi izini kafin hoto. Yarbawa mutane ne masu son gaisuwa kamar mu. Ɗan rusunawa yana buɗe ƙofa.

Abinci a nan ba ya wuya. Amala da ewedu, ko wake da burodi, ko shinkafa. Yankin Musulmi ne da yawa, amma tambaya ba laifi ba ce, in kuma zuciya ba ta kwanta ba ka ce a sa maka kifi. Ka gargaɗi baƙo game da barkono.

Zango na ƙarshe, in da hali

Daga Idumota ka gangara Isale Eko zuwa Iga Idunganran, fadar Oba na Legas, inda Oba Rilwan Akiolu yake tun 2003. Rigimar wannan gadon sarauta tsakanin Kosoko da Akitoye ce ta ba jiragen yaƙin Ingila dalilin yi wa garin ruwan wuta a 1851, bayan shekara goma kuma, ranar 6 ga Agusta 1861, Oba Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa Legas. Gidan sarki ne mai rai, ba gidan kallo ba. Yadda ba za ka faɗa fadar Kano ba sallama ba, haka nan. Ku tsaya daga waje, ku gaida masu ƙofa, in sun ba da dama to. Lungunan ƙanana ne, samarin unguwa sukan nemi na goro, don haka da rana za ka je, ba bayan Magariba ba. In dattijo ya gaji, wannan zangon za ka yanke, ba Shitta-Bey ba.

Tsaraba a bar ta sai yanzu, don kada a yini ana jan kaya. Balogun atamfa da leshi, ka taya daga ƙasa, ka buɗe turmi ka duba kafin ka biya.

In akwai rana ta biyu

Rabin yini ya isa. A harabar ma'aikatar jirgin ƙasa ta Ebute Metta akwai Jaekel House, gidan Turawa na 1898 da aka mai da ƙaramin gidan tarihi. Wanda kakansa ya zo Kurmi a jirgin Kano ya sauka Iddo zai so ganinsa. Daga nan Iganmu, gidan wasan da aka gama a 1976 don bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, na 1977, mai siffar hular soja. Baƙo kuma ba ya rasa cewa a kai shi ya ga teku. Bar Beach da ya ji labari babu ita, an cike wurin an yi Eko Atlantic; sai ku miƙa wajen Lekki, inda ake biyan kuɗin shiga. Kada kowa ya shiga ruwan, igiyarsa tana ja.

Komawa gida

Hanya biyu ce. Ko ku hau gada kafin ƙarfe 4, ko ku haƙura sai bayan Isha; tsakanin nan ranar aiki kowa ke fita, ranar Asabar kuma masu biki ke tashi. In da jirgi za ku koma, ka san lokacin na ƙarshe tun da safe.

Mu mun zaɓi ta biyu. Muka hau mota zuwa Obalende, na nuna wa Kawu bakin Ribadu Road da hanyar barikin Dodan, inda aka mulki ƙasar nan tun daga Gowon har Babangida. Bariki ne har yau, ana wucewa ne kawai, waya a aljihu. Muka yi Magariba a wani ƙaramin masallaci, muka zauna wurin wani mai tsire. Kawu ya ɗanɗana, ya tambaye shi, "Ɗan samari, daga ina?" Ya ce Maigatari. Shi ke nan, aka shiga tambayar gidan wane da gidan wane, wa ya rasu, wa ya aurar da 'ya, yaron ya ƙi karɓar kuɗi, Kawu ya ƙi tashi. Sai wajen ƙarfe 9 na samu na raba su, muka sami motar Oshodi saura kujera biyu.